Aljihu da Launin Fata: Yadda 'Yan Siyasa Masu Neman Sauyi a Amurka ke Fama da Rikicin Aji da Wariya

Tsakure

Takardar ta duba wata taƙaddama da ta daɗe tana raba kan masu ra'ayin kawo sauyi a siyasar Amurka: a gina fafutuka a kan talauci, wanda ya haɗa fari da baƙi, ko a kan wariyar launin fata, wadda ta keɓe baƙar fata da wata azaba ta daban? An bi diddigin muhawarar tun daga ƙawancen manoma na shekarun 1890 har zuwa zaɓen magajin garin Niyok na 2025, ta hanyar duba dokoki da shirye-shiryen gwamnati da sakamakon zaɓe. Matsayin takardar shi ne, hayaniyar ta fi yawa a kan kalaman da ɗan takara ke furtawa a dandalin taro, alhali wurin da ake yanke wa talaka baƙar fata hukunci shi ne teburin rubuta doka: wa aka cire daga cikinta, kuma a hannun wa aka damƙa rabon.

1.0 Gabatarwa



Alƙaluman hukumar ƙidaya ta Amurka na shekarar 2022 sun nuna cewa kimanin kashi 17 cikin 100 na baƙar fata suna cikin talauci, na farar fata kuwa bai kai kashi 9 ba. Amma idan aka ƙirga kawuna, farar fatar da ke cikin talauci sun haura miliyan 16, wato sun ninka takwarorinsu baƙaƙe har da ɗori. Duka alƙaluman biyu gaskiya ne, kuma kowane ɓangare na muhawarar da za mu duba yana riƙe da ɗaya. Masu cewa a sa aji a gaba suna nuna yawan matalautan farar fata, su ce ba za a ci zaɓe ba sai da su. Masu cewa a sa wariya a gaba suna nuna tazarar, su ƙara da ta dukiya, wadda ta fi muni: binciken Babban Bankin Amurka na 2022 ya nuna tsaka-tsakin iyalin farar fata yana da dukiyar dala 285,000, na baƙar fata kuwa dala 44,900.

Waɗanda takardar ke nufi da masu neman sauyi su ne ɓangaren hagu na jam'iyyar Dimokurat, irin su Bernie Sanders da Elizabeth Warren da Alexandria Ocasio-Cortez, tare da ƙungiyoyin ƙwadago da majami'un baƙar fata da ke mara musu baya ko suke jayayya da su.

Mai sauraro daga ƙasar Hausa zai ji wani abu da ya sani a cikin wannan batu. NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta gina siyasarta a kan talakawa da masu danne su, NPC kuma ta amsa da kiran Arewa ɗaya al'umma ɗaya. Kamannin bai wuce nan ba. A Amurka an yi bauta ta kusan shekara 250, sannan aka biyo da kusan wani ƙarni na wariya da doka ta tsaya mata, kuma launin fata ne ya raba bawa da ubangijinsa. Saboda haka zan bar batun a ƙasarsa.

2.0 Inda rashin yardar ya samo asali

Ba yau aka fara kiran talaka fari da talaka baƙi su haɗa kai ba. A jihar Karolina ta Arewa, manoma farar fata na jam'iyyar talakawa sun ƙulla ƙawance da 'yan Rifablikan, waɗanda galibin masu zaɓensu a Kudu baƙar fata ne a wancan zamani, suka kama majalisar jiha a 1894, suka kuma ci kujerar gwamna a 1896. Masu gonaki da masu kuɗi suka amsa da yaƙin neman zaɓe na fifikon farar fata zalla. Ranar 10 ga Nuwamba 1898, farar fata ɗauke da bindigogi suka hamɓarar da zaɓaɓɓiyar hukumar birnin Wilmington, suka kashe baƙar fata da dama. Zuwa 1900 an gyara tsarin mulkin jihar yadda aka hana galibin baƙar fata jefa ƙuri'a. A Jojiya kuwa, Tom Watson, wanda a 1892 yake faɗa wa manoman ɓangarorin biyu cewa ana raba su ne don a ci gumin kowannensu, ya rikiɗe ya zama ɗaya daga cikin masu zafin ƙin baƙar fata, har ya goyi bayan ƙwace musu ƙuri'a. Darasin da baƙar fata suka ɗauka a nan mai ɗaci ne: abokin tafiya fari yana iya komawa gida idan tafiya ta yi zafi, su kuwa ba su da wurin komawa.

W. E. B. Du Bois ya bayyana dalilin a littafinsa na 1935 kan shekarun bayan yaƙin basasa. Ya ce ma'aikaci farar fata, ko da albashinsa bai taka kara ya karya ba, ana biyan sa wani ladan na daban: ana girmama shi a kotu, ɗansa na zuwa makaranta mafi kyau, ɗan sanda ɗan'uwansa ne. Wannan ladan ne ke sa ya ƙi tsayawa sahu ɗaya da baƙin da suke shan wahala iri ɗaya.

A shekarar da littafin ya fito ne gwamnatin Franklin Roosevelt ta kafa manyan dokoki biyu da har yau masu neman sauyi ke alfahari da su: dokar fanshon tsufa da tallafin rashin aiki, da dokar da ta ba ma'aikata 'yancin kafa ƙungiyar ƙwadago. Ko ɗaya babu inda ta ambaci launin fata. Sai dai duka biyun sun cire ma'aikatan gona da masu aikatau a gidaje, kuma waɗannan sana'o'i biyu su ne abincin kusan kashi biyu cikin uku na ma'aikata baƙar fata a lokacin. Masanin tarihi Ira Katznelson ya danganta wannan da ƙarfin 'yan majalisar Kudu, waɗanda ke riƙe da manyan kwamitoci kuma ba sa son abin da zai taɓa arahar ƙwadagon gonakin auduga. Akwai masanan da ke ganin wahalar karɓar haraji daga irin waɗannan ma'aikata ce ta sa aka cire su daga dokar fansho, tun da wasu ƙasashen Turai ma sun yi haka. Ko wanne ne dalilin, ga matar da ke wanke-wanke a gidan wani a Alabama sakamakon ɗaya ne. Sai a 1950 da 1954 aka shigar da su cikin fanshon.

Dokar tallafa wa tsofaffin sojoji ta 1944 ta fi fito da abin fili. A rubuce, duk wanda ya yi yaƙi yana da haƙƙin karatu kyauta da rancen gida ko gona. Amma aka bar rabon a hannun bankunan gari da jami'an jiha. A Misisipi, cikin rance 3,229 da gwamnati ta tsaya wa a 1947, biyu kacal suka je hannun baƙar fata. A daidai lokacin kuma hukumomin lamunin gidaje na tarayya suna zana jan layi a taswira kewaye da unguwannin baƙar fata, alamar kada a ba da rance a wurin. Gida shi ne babbar dukiyar matsakaicin iyali a Amurka, shi ake gada, da shi ake jingina a kai yaro jami'a. Tazarar dala 285,000 da 44,900 da na ambata, wani babban ɓangarenta a waɗannan shekaru aka gina shi, kuma da shirye-shiryen da aka ce na kowa da kowa ne.

Don haka idan tsohuwa baƙar fata a Karolina ta Kudu ta ji ɗan takara yana cewa shirinsa zai amfani kowa, ta ɗan ja baya, tana da hujja. Iyayenta sun taɓa jin wannan magana.

3.0 Lokacin da abin ya yi aiki

Shugabannin fafutukar 'yancin baƙar fata ba su ɗauki aji da launi a matsayin kishiyoyi ba. A. Philip Randolph ɗan ƙwadago ne, shi ya kafa ƙungiyar ma'aikatan taragon barci na jirgin ƙasa a 1925. Gangamin Washinton na 28 ga Agusta 1963, wanda duniya ta fi tunawa da jawabin Martin Luther King, sunansa gangamin neman aiki da 'yanci, kuma aikin ne ya zo farko. King kansa an harbe shi ne a Memfis ranar 4 ga Afrilu 1968, inda ya je mara wa masu kwashe shara kimanin 1,300 baya. Yajin aikin nasu ya tashi ne bayan ma'aikata biyu sun fake wa ruwan sama a bayan motar shara, injin matse sharar ya kama su ya murƙushe. Wanda zai ce mutuwarsu ta talauci ce ko ta wariya, ya raba abin da ba ya rabuwa.

Misalin da na fi so mu tsaya a kai shi ne Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi da Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1965. Kafin ita, dokar gina asibitoci ta 1946 ta yarda a yi amfani da kuɗin tarayya a gina asibitin da ke raba marasa lafiya bisa launi. A Kudu akwai ɗakin kwanciya na farare da na baƙaƙe, ƙofar shiga daban, wurin jira daban, a wasu wuraren har jinin da ake ƙara wa majiyyaci an rubuta launin wanda ya bayar. Medicare shiri ne na duk wanda ya kai shekara 65, ba ruwansa da launi. Amma sashe na shida na dokar 'yancin jama'a ta 1964 ya haramta ba da kuɗin tarayya ga duk wata cibiya mai nuna wariya, kuma gwamnatin Johnson ta ce za ta yi aiki da shi. Aka tura masu bincike asibiti-asibiti a farkon 1966. Wasu asibitocin sukan haɗa gadajen fari da baƙi ranar da za a zo duba su, washegari su raba. Masu shara da masu dafa abinci da ma'aikatan jinya baƙar fata su ne ke tsegunta wa masu binciken. Kafin shirin ya fara aiki ranar 1 ga Yuli 1966, ɗaruruwan asibitoci sun cire allunan wariya, domin babu asibitin da zai iya rayuwa ba tare da kuɗin tsofaffi ba.

Abubuwa biyu ne suka haɗu a nan. Shirin ya game kowa, saboda haka yana da magoya baya masu yawan da ba a iya rusa shi. Sannan akwai dokar da ta kira wariya da sunanta, da jami'an tarayya da suka bi ta har cikin ɗakin marasa lafiya. Da an bar rabon a hannun jihohi kamar yadda aka yi a 1944, da labarin Misisipi ya maimaita kansa.

4.0 Sanders da masu zaɓen Kudu

Tsakanin wancan zamani da namu, masanin zamantakewa William Julius Wilson ya yi ta jan hankali tun 1978 cewa rufewar masana'antu ta fi cutar da talaka baƙar fata a birane, ya kuma ba da shawarar shirye-shiryen gama-gari. Jesse Jackson ya gwada haɗa manoman karkara farar fata da baƙaƙen birni a takararsa ta 1984 da ta 1988, inda a ta biyun ya sami ƙuri'a kusan miliyan 7 a zaɓen fid da gwani. Cikin 'yan siyasa farar fata ƙalilan da suka goya masa baya har da magajin garin Burlington na lokacin, Bernie Sanders.

Wannan Sanders ɗin ne rikicin ya faɗa wa a 2015, yana neman takarar shugaban ƙasa. Ranar 8 ga Agusta ya je wani taro a Siyatil na murnar cikar fanshon tsufa shekara 80 da Medicare shekara 50. Yana shirin fara magana sai mata biyu daga masu fafutukar kare rayukan baƙar fata suka hau dandalin suka karɓe lasifika. Suka buƙaci a yi shiru na minti huɗu da rabi, daidai da awa huɗu da rabi da gawar Michael Brown ta yi a kwance a kan titi a garin Ferguson shekara guda kafin nan, bayan ɗan sanda ya harbe shi. Wasu daga cikin taron, galibinsu farar fata masu ra'ayin sauyi, suka yi ta yi musu ihu. Sanders ya koma gefe ya tsaya, daga baya ya tafi bai yi jawabin ba. Mutum ne da aka taɓa kamawa a Shikago a 1963 saboda zanga-zangar ƙin wariya a makarantu, amma duk lokacin da aka tambaye shi batun 'yan sanda sai ya koma kan rashin aikin yi na matasa. Masu zanga-zangar suna cewa harsashin ɗan sanda ba ya tambayar albashi.

A watan Janairu 2016 marubuci Ta-Nehisi Coates, wanda ya farfaɗo da batun biyan diyyar bauta da wariya a 2014, ya soki Sanders saboda ƙin amincewa da diyyar bisa hujjar cewa za ta raba kan jama'a kuma ba za ta wuce majalisa ba. Coates ya ce ai inshorar lafiya ta kowa da kowa ma ba za ta wuce majalisar ba, to me ya sa ƙarfin halin ya tsaya a kan aji kawai? Tambaya ce mai nauyi. A watan Fabrairu kuma abokiyar takararsa Hillary Clinton ta tambayi taron magoya bayanta a Nebada ko farfasa manyan bankuna zai kawo ƙarshen wariya, suka amsa da a'a. Wannan tambayar ban ɗauke ta da daraja ɗaya da ta Coates ba. Babu wanda ya ce farfasa banki zai kawar da wariya, kuma bankunan da ake magana su ne suka cika unguwannin baƙar fata da rancen gidaje mai tsadar ruwa kafin rushewar 2008. An ɗauki zafin da baƙar fata ke ji an yi garkuwa da shi don kare masu kuɗi, kuma tun daga nan wannan salo ya zauna a jam'iyyar.

Sakamakon dai a bayyane yake. A zaɓen fid da gwani na Karolina ta Kudu a 2016, Clinton ta sami kusan kashi 86 na ƙuri'un baƙar fata. A 2020 Sanders ya gyara abubuwa da yawa, ya ci Nebada da goyon bayan 'yan asalin Latin Amurka, amma da ɗan majalisa Jim Clyburn ya fito ya tsaya wa Joe Biden, Karolina ta Kudu ta sake juya masa baya, takarar kuma ta karye daga nan. Bai kamata a fassara wannan da cewa baƙar fata ba sa son manufofinsa ba. Ƙarin albashi da inshorar lafiya suna da farin jini sosai a cikinsu, kuma matasansu sun fi karkata gare shi. Dattawan Kudu sun zaɓi wanda suka sani kuma suke ganin zai iya cin babban zaɓe, domin su ne za su fi shan wuya idan aka faɗi.

5.0 Abin da aka gwada bayan 2020

Kisan George Floyd a watan Mayu 2020 ya sa jam'iyyar Dimokurat ta rungumi maganar launin fata fiye da kowane lokaci. A cikin dokar farfaɗo da tattalin arziki ta Maris 2021, sanatoci irin su Raphael Warnock da Cory Booker sun sa an ware kimanin dala biliyan 4 don yafe bashin manoma baƙar fata da sauran tsiraru. Hujjar tana da ƙarfi. A 1920 manoma baƙar fata sun kusa miliyan ɗaya, yau ba su kai 50,000 ba, kuma ma'aikatar gona ta tarayya ta yarda ta biya diyya a 1999 kan yadda ofisoshinta na karkara suka riƙa hana su rance ko jinkirta shi har lokacin shuka ya wuce. A shirin na 2021 har an aika wa manoma wasiƙu ana gaya musu adadin da za a biya musu. Manoma farar fata suka garzaya kotu, a watan Yuni 2021 alƙalan tarayya suka dakatar da shirin, ko sisi ba a biya ba. A 2022 majalisa ta soke shi, ta maye gurbinsa da tallafi ga duk manomin da bashi ya danne, da wasu dala biliyan 2.2 ga duk wanda ya nuna an taɓa yi masa wariya, ko wane launi ne. Wannan na biyun shi ne ya kai hannun mutane, sama da 43,000, a 2024. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 29 ga Yuni 2023 da ya haramta duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a jami'a, duk wani shiri da ya rubuta launi a matsayin sharaɗi yana tsaye ne a bakin rami.

A cikin wannan doka ta Maris 2021 akwai wani sashe da bai ambaci launi ba, wato faɗaɗa tallafin yara zuwa dala 3,600 a shekara ga ɗan ƙasa da shekara 6, da 3,000 ga waɗanda suka girme shi. Muhimmin gyaran ƙarami ne a ido. A da, iyalin da kuɗin shigarsu bai kai wani mataki ba, ba sa samun cikakken tallafin, abin da ya bar kusan rabin yaran baƙar fata a waje. Aka cire wannan sharaɗi, aka riƙa tura kuɗin kai-tsaye cikin asusun banki duk wata, babu jami'in gari a tsakani. Talaucin yara ya sauko daga kashi 9.7 a 2020 zuwa 5.2 a 2021, na yaran baƙar fata kuma ya ragu da kusan rabi. Shirin bai wuce shekara ɗaya ba. Sanata Joe Manchin na Bajiniya ta Yamma, jihar da ke cike da matalauta farar fata, ya ƙi goyon bayan dokar da za ta tsawaita shi, a 2022 talaucin yara ya haura zuwa kashi 12.4.

A gefe guda kuma ga Medicaid, inshorar lafiyar matalauta da dokar Obama ta 2010 ta faɗaɗa. Kotun Ƙoli ta yanke a 2012 cewa jiha tana da zaɓin karɓa ko ƙi. Zuwa 2024 jihohi 10 ba su karɓa ba, bakwai daga ciki a Kudu suke, har da Misisipi da Alabama da Jojiya. An sake damƙa rabon a hannun da aka damƙa shi a 1944.

Akwai hanyar tsakiya da Booker ya gabatar a 2018, bisa tunanin masana tattalin arziki Darrick Hamilton da William Darity: a buɗe wa kowane jariri asusu, gwamnati ta riƙa zuba kuɗi gwargwadon talaucin iyayensa, ya karɓa idan ya kai shekara 18. Ba a ambaci launi ba, amma da gangan aka auna shirin a kan dukiya, inda tazarar ta fi faɗi. Jihar Konetikat ta fara aiki da irinsa a 2023, dala 3,200 ga kowane jaririn da aka haifa a ƙarƙashin Medicaid.

Game da kalamai kuwa, masanin shari'a Ian Haney López da Heather McGhee sun ba da shawarar a faɗa wa mai zaɓe fari cewa wariya makami ne da masu kuɗi ke raba talakawa da shi, kuma shi ma yana asara. McGhee takan kawo misalin biranen Kudu, irin su Montgomery a 1959, da suka gwammace su rufe wuraren ninƙaya na jama'a da su bar yaran baƙar fata su shiga, kowa ya rasa. Wani gwaji da Micah English da Joshua Kalla na jami'ar Yale suka yi a 2021 ya nuna gabatar da manufa da harshen aji ya fi jawo goyon baya a kan harshen launi. Muhawara ce mai amfani ga masu tsara talla, amma ba ta kai ta tsarin doka muhimmanci ba.

6.0 Abin da kuɗi ba ya kai wa

Masu ra'ayin aji zalla, irin su Adolph Reed, suna da gaskiya cewa maganar tazara tana iya ƙarewa a neman a sami baƙaƙen attajirai daidai da fararen attajirai, talaka kuwa yana nan inda yake. Amma akwai ciwon da ƙarin albashi ba ya warkarwa. Binciken Raj Chetty da abokansa na 2018, wanda ya bi rayuwar yara kimanin miliyan 20, ya gano cewa yaro baƙar fata da yaro fari da suka tashi a unguwa ɗaya, iyayensu na samun kuɗi iri ɗaya, idan sun girma baƙin ya fi samun ƙarancin albashi, a kusan kowace unguwa ta ƙasar. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta nuna mace baƙar fata mai digiri ta fi farar da ba ta gama sakandare ba haɗarin mutuwa wajen haihuwa. Irin wannan sai da dokar hana wariya da jami'an da za su tsaya a kanta, a asibiti da ofishin 'yan sanda da banki. Ɗan siyasar da ya yi shiru a nan don kada ya ɓata wa mai zaɓe fari rai, ya ci amanar mutanen da suka fi kowa tsaya wa jam'iyyarsa.

7.0 Bayan 2024

Zaɓen 2024 ya girgiza ɓangarorin biyu. Bisa binciken cibiyar Pew, Donald Trump ya sami kashi 15 na ƙuri'un baƙar fata, daga kashi 8 a 2020, da kashi 48 na 'yan asalin Latin Amurka, daga 36. A ranar da Mizuri ta zaɓi Trump, a ranar ta amince da ƙarin mafi ƙarancin albashi zuwa dala 15 a awa, kamar yadda Filorida ta yi a 2020. Sanders ya ce jam'iyyar Dimokurat ta yi watsi da ma'aikata, su ma suka yi watsi da ita, farare da farko, yanzu kuma baƙaƙe da 'yan Latin.

Kwanaki kaɗan bayan zaɓen, wani ɗan majalisar jihar Niyok da ba a san shi sosai ba, Zohran Mamdani, haifaffen Kampala kuma ɗan Farfesa Mahmood Mamdani da masu nazarin Afirka suka sani, ya ɗauki lasifika ya tsaya a titin Fordham na Bronx da titin Hillside na Queens yana tambayar masu wucewa me ya sa suka zaɓi Trump ko suka ƙi fita. Amsoshin sun fi karkata ga kuɗin haya da tsadar abinci da yaƙin Gaza. A kan wannan ya gina takararsa ta magajin garin Niyok: daskarar da kuɗin haya a gidajen da hukuma ke ƙayyade hayarsu, motar bas kyauta, renon yara kyauta. Ya ci zaɓen fid da gwani a Yuni 2025, amma a unguwannin baƙar fata da dama abokin takararsa Andrew Cuomo ne ya yi gaba. Da yawa daga cikin dattawan waɗannan unguwanni masu gida ne, daskarar da haya ba ta shafe su ba. Damuwarsu harajin gida ne da 'yan damfarar da ke sace takardun mallaka. Mamdani ya shiga majami'unsu, ya yi alkawarin ofishin yaƙi da satar takardun gida, a babban zaɓen 4 ga Nuwamba kuma unguwannin suka dawo gare shi. Bai sauya saƙonsa na tsadar rayuwa ba. Ya gano wanda shirin nasa ya bari a waje, ya je ya same shi.

Wannan ne ma'aunin da nake roƙon masu nazarin siyasar Amurka a cikinmu su riƙa amfani da shi. A rage ƙirga sau nawa ɗan takara ya ce ma'aikata da sau nawa ya ce baƙar fata. A buɗe ƙudurin dokar da ya kawo, a nemi sashen da ya lissafa waɗanda ba ta shafa ba, a duba ko kuɗin zai tafi kai-tsaye ko sai ya bi ta hannun gwamna da bankin gari, a duba ko akwai mai hukunta wanda ya nuna wariya wajen rabon. Da wannan ma'auni, aikin masu neman sauyi bai ko kai rabi ba. Dokar ƙwadago ta 1935 har yau ba ta shafi ma'aikatan gona da masu aikatau a gidaje ba, fiye da shekara 90 bayan kafa ta, kuma galibin masu waɗannan sana'o'i yanzu 'yan Latin ne da baƙin haure da mata baƙar fata.